KUƊIN AMANA A TEBURIN MAKAU

  

Jama'a, akwai wata tambaya da ta shigo cikin samarinmu masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin. Da can a ɓoye ake yinta, yanzu kuwa ta fito fili, ana yinta a majalisar ataya da bakin shago ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Tambayar ita ce, wai in mutum ya gama sari a Tianxiu yana so ya ƙetara Makau ya huta kwana biyu a gidajen caca, wace hanya ce ta fi araha ta ɗaukar kuɗin kashewa? Wani ya ce a riƙe tsabar dala, wani ya ce katin banki, wani ya ce a ba ɗan canji a karɓa a can. Har an sami gwanaye a kan wannan ilmi, suna lissafin kwabo da ɗari kamar masu rabon gado. To, tun da lissafi ake so, mu ma za mu yi lissafi, mu bi hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya mu ga inda kowace ta ɓulle. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

SABON ZANGO A ƘASAR SIN

Domin iyayenmu da ba su taɓa zuwa ba, bari mu fara da wurin. Tianxiu wani dogon bene ne mai hawa fiye da 30 a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou, wanda bakinmu ya mayar Gwanzu. Hawan ƙasa duk kantuna ne, na tufafi da wayoyi da kayan lantarki, sama kuwa ofisoshin masu aika kaya da ɗakunan kwana. Tun ƙarshen shekarun 1990 fataken Afirka ta Yamma suka fara taruwa a nan, mutanen Mali da Gini da Sanagal da Nijar da Gana da Nijeriya, yawancinsu Musulmi, domin unguwar akwai abincin halal da masallaci kusa. Wanda ya san Nima ko zangon Kumasi, in ya tsaya a kan gadar ƙafa ta gaban benen ya ji harsunan da ke tashi, zai gane zango ne aka sake kafawa, sai dai babu sarki babu liman mai tsawatawa.

Daga wannan zango zuwa Makau tafiyar kusan sa'a guda ce a jirgin ƙasa, daga tashar kudu ta Gwanzu zuwa Zhuhai, sa'an nan mutum ya taka da ƙafa ya ƙetare ƙofar Gongbei. A cikin ƙasar Sin kanta caca haramun ce a doka, in ban da tikitin sa'a na gwamnati. Makau kuwa, wadda Fotugal ta riƙe har zuwa 20 ga Disamba 1999, tana da tata doka dabam, caca kuma ita ce nomanta da kiwonta tun ƙarni na 19. Da ka fito daga ƙofar za ka tarar da motocin gidajen caca a jere, suna kai mutane kyauta. Mai hankali ya tambayi kansa, a wace ƙasa aka taɓa ɗaukar baƙo a mota kyauta don ana ƙaunar kakansa?

Yadda abin ke farawa kuwa sananne ne. Da yawa daga fatakenmu bizarsu tana ƙayyade musu kwanakin zama a kowace shiga, wanda ya wuce kwanakinsa kuwa dokar da ta fara aiki a 2013 ta ɗora masa tarar yuwan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi. Saboda haka mutum yakan fita zuwa Honkon ko Makau ya komo a sake masa lissafi. Fitar larura ce da fari. Ran farko kallo ya je yi, ran na biyu ya gwada da canjin aljihu, a tafiya ta uku ya fara kiran abin hutu, yana neman hanyar ɗaukar kuɗi mai araha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

HANYOYI HUƊU DA KUƊIN KOWACE

Hanya ta farko tsabar kuɗi a jiki. Mai wannan hanya ya sani hukuma ba barci take yi ba. A Gana da Nijeriya abin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastan. Shiga ƙasar Sin, abin da ya wuce dala 5,000 sai an rubuta, kuɗinsu na yuwan kuwa ba a shiga ko fita da fiye da 20,000. Ƙofar Gongbei iyakar kwastan ce sosai, dokar nan tana aiki a kanta. Makau ma tun Nuwamba 2017 ta ce wanda ya shigo da abin da ya kai pataka 120,000 ya bayyana. Pataka shi ne kuɗin garin, dattawa za su tuna da mai irin sunansa, fatakar da, ta sule biyu. Wanda ya bayyana ya bar sawu a takarda, ɗan caca kuwa ba abin da ya ƙi kamar sawu. Wanda ya ɓoye a safa aka kama shi, ga tara ga tsarewa ga sunansa a littafin hukuma. Bayan wannan duka ga canji. Sidi ya zama dala, dala ta zama yuwan, yuwan ya zama dalar Honkon, domin da ita teburan Makau suka fi aiki. A ce kowane ɗan canji ya yanki biyu cikin ɗari kurum, kafin mutum ya zauna a kujera kusan shida cikin ɗari sun tafi.

Hanya ta biyu katin banki. Bankin gida zai yanki nasa na musaya, na'urar cire kuɗi ta can ta yanki nata, ga kuma iyakar abin da za a cire a rana. Wanda ya yi wayo ya ari katin wani abokin ciniki Basine ya ƙara jefa kansa, gama tun 2017 na'urorin Makau suna duba fuskar mai katin UnionPay na ƙasar Sin da katin shaidarsa kafin su saki kuɗi, kuma hukumar Sin ta ƙayyade wa kowane mutum yuwan 100,000 a shekara na cirewa a waje.

Hanya ta uku ita ce wadda gwanayenmu suka fi yabo, watau ɗan canji mai ɗaki a sama. Ka ba da sidi a Ankara ko naira a Kano, a buga waya, ka karɓi yuwan a Gwanzu ko dalar Honkon a bakin gidan caca. Ba takarda, ba shaida. Ran da mutumin ya rufe ɗaki ya kashe waya, wa za ka kai ƙara, kuma ka ce kuɗin mene ne? Hukumar Sin tana ɗaukar irin wannan aiki laifi, tun daga 2020 kuma 'yan sandansu suka tsananta rufe asusun duk wanda kuɗin caca ko na zamba ya ratsa ta cikinsa. 'Yan kasuwa da yawa masu gaskiya a Yiwu da Gwanzu sun wayi gari asusunsu a daskare don kuɗin da aka biya su da shi ya gauraya da ƙazanta a hannun ɗan canji. A Makau kuma tun Oktoba 2024 canjin kuɗi don caca ba tare da izini ba laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Masu cewa a bi ta kuɗin intanet su tuna Sin ta haramta cinikinsa tun Satumba 2021.

Hanya ta huɗu shagon jingina. Kewaye da gidajen caca shaguna ne fal masu agogo da zinariya a gilashi, ba su rufewa dare da rana. Mai kati yakan sayi agogon da ba ya so, nan take ya sayar wa mai shagon da ragi ya karɓi tsaba. Wanda kuɗinsa ya ƙare kuwa nan yake ajiye wayarsa da zobensa. Wannan hanya ba a binta da shawara, ƙafa ce ke kai mutum da asuba sa'ad da hankali ya riga ya gudu.

LISSAFIN DA GWANAYE SUKA MANTA

To, mu ɗauka an dace. Mu ce ƙanenmu ya sami hanyar da ba a yanke shi ko anini ba, ya isa da dala 5,000 cif. Wasan da ya fi kowane ciniki a Makau shi ne wata karta da ake kira bakarat. Masana lissafi sun daɗe da ƙididdige ta: a kowace dala 100 da aka ɗora, rabon gida ya ɗan haura dala 1 in ka bi gefe ɗaya, dala 1 da kusan kwata in ka bi ɗaya gefen, in kuwa ka ce za a yi kunnen doki, rabon gida ya haura dala 14. Saurayi zai ce ai ɗaya cikin ɗari ba komai ba ne, ɗan canji ma ya fi haka ci. Nan ne kuskuren yake. Ɗan canji sau ɗaya yake yanka, tebur kuwa yana yanka a kowane zagaye. A ce yana ɗora dala 100 a zagaye, wanda ba ta kai dalar Honkon 800 ba, alhali tebura da yawa ba su karɓar ƙasa da 1,000. A ce ana zagaye 50 a sa'a, ya zauna sa'a 10 cikin dare biyu. Zagaye 500 ke nan, kuɗin da ya ratsa teburin ya zama dala 50,000, rabon gida a ciki ya haura dala 500. Ga mutumin da ya kwana uku yana yawon neman inda zai tsira da dala 100 ta canji. Wannan fa lissafin mai natsuwa ne wanda bai taɓa ninka kuɗi don fushi ba, irinsa kuwa ba a cika samu a wurin ba. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda ke shakkar lissafinmu ya dubi na gwamnatin Makau. A 2013 abin da ya rage a hannun gidajen caca, bayan sun biya duk waɗanda suka ci, ya kai pataka biliyan 360, wajen dala biliyan 45. A 2024, bayan annoba da tsanantawar hukuma, ya kusa pataka biliyan 227. Kamfanoni shida ne ke da izinin wannan sana'a, gwamnati tana karɓar 40 cikin ɗari na abin da suka samu, daga ciki tun 2008 take raba wa mazauna garin kuɗi kowace shekara, mutanen da ba su kai 700,000 ba. Daga ina dukiyar nan ta fito? Babu gonar koko a Makau, babu rijiyar mai. Daga aljihun baƙi ta fito, kowannensu kuwa ya shigo yana tsammanin shi ne mai sa'a.

Ga wani abin lura. Gwamnatin nan da ke cin abinci da caca ta hana ma'aikatanta shiga gidajen caca, sai kwana uku na farkon sabuwar shekararsu. Ta hana wanda bai kai shekara 21 ba. Tun ƙarshen 2019 ta hana ma'aikatan teburan kansu shiga yin wasa in sun tashi aiki. Mai tuwo ya hana 'ya'yansa ci, kai baƙo ka taso daga Ashanti kana tambayar hanyar da ta fi sauri zuwa akushin. Babban dillalin da ya fi kowa kai masu kuɗi teburan nan, Alvin Chau, an kama shi a Nuwamba 2021, a Janairu 2023 aka yanke masa shekara 18. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

KUƊIN WANE NE?

Yanzu mun iso inda ciwon yake. Samarin nan suna cewa kuɗin kashewa, kamar wani rarar da ta zubo daga bakin buhu. Mu da muke zaune a zango mun san yadda ake haɗa jarin mai zuwa Sin. Hajiya mai wake da shinkafa ta kawo adashinta a sayo mata atamfa. Gwauruwa ta sayar da abin wuyanta. Tela ya ba da kuɗin keke biyu, kawu ya ba da na kayan gyaran babur, wani ma kuɗin marayun ɗan'uwansa ya zuba don su ƙaru kafin su girma. Mutum ɗaya ke hawa jirgi, amma gida goma ke tafiya a cikin jakarsa. Waɗannan mutane a 2022 sun ga sidi ya faɗi daga wajen shida a dala zuwa fiye da goma sha huɗu, suka haɗiye, suka sake tarawa. Wanda ya zauna a teburin Makau da wannan kuɗi yana cewa aro ya yi zai mayar in ya ci, gumin tsofaffi yake ɗorawa a kan karta. In ya komo sai labari ya canja: kwantena ta makale a Tema, kwastan sun riƙe kaya, Basine ya gudu da kuɗi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, ko ba a kama shi bana ba, za a kama shi baɗi.

Kakanninmu da suka kafa zangunan nan sun yi tafiyar watanni daga Kano zuwa Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi Salaga suna komowa da goro. Kuɗinsu wuri ne, keso guda wuri 20,000, kaya ne na gaske. Su ma sun nemi hanyar rage nauyin kuɗi, abin da suka samo kuwa shi ne amana: madugu mai jan ayari, da maigida mai saukar da baƙo ya ajiye masa dukiya ya tsaya masa a ciniki. A zamaninsu ma akwai 'yan caca, da wurin nan suke yinta a bayan kasuwa, amma ba wanda ke ba ɗan caca ajiya, ba wanda ke ba shi 'ya. Wannan suna na amana shi ne jarin da aka bar mana, shi ya sa har yau tsohuwa ke kwance bakin zanenta ta miƙa wa yaro ba tare da takarda ba.

Kuma baƙo ba shi da filin yin wauta. Dattawa sun ga 1969 a Gana, sun ga 1983 a Nijeriya, samari kuma sun ga Afrilu 2020 sa'ad da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai a Gwanzu saboda tsoron annoba, wasu suka kwana a titi. Ran da hukuma ta tashi bincike ba ta tambayar wane ne mai salla wane ne ɗan caca, fata ɗaya take gani. Kowane ɗan zango da aka kama da kuɗin ɓoye a Gongbei ya ƙara wa na bayansa wuyar biza.

ABIN DA LITTAFI YA CE

Ba mu zo da sabon hukunci ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta haɗa giya da caca ta nuna zunubinsu ya rinjayi amfaninsu, aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar gaba ɗaya, suka bayyana cewa ta nan Shaiɗan ke jefa gaba tsakanin mutane ya kuma shagaltar da su daga salla. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kurum, an umurce shi ya yi sadaka. In gayyata ta jawo kaffara, ina ga wanda ya zauna ya tsara wa ɗan'uwansa hanyar kai kuɗin?

Akwai abin mamaki a nan ga mazauna Tianxiu. Musulmin Gwanzu suna jingina tsohon masallacinsu na Huaisheng ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, akwai kuma kabarin da suke cewa nasa ne, inda fatakenmu da yawa ke sallar Juma'a. Littattafanmu na tarihi sun nuna a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, amma sunansa dai shi ke kan garin. To, Muslim ya ruwaito daga Sa'adu ɗin nan cewa a kansa ayar Ma'ida ta sauka, bayan wata walima kafin a haramta giya, inda gardama ta tashi wani ya buge shi a hanci da muƙamuƙin raƙumi. Ashe saurayi zai yi Juma'a a wurin da ake kira da sunan mutumin da ayar hana caca ta sauka a kansa, ya fito ya kama jirgin Zhuhai. Wannan wace irin rashin kunya ce?

Wanda ya karanta Risala da Muhtasar ya san sauran. Kuɗin da aka ba ka ka juya a raba riba ƙirali ne. In ka yi ciniki da gaskiya aka faɗi, asarar ta mai dukiya ce, kai wahalarka ce ta tafi. In kuwa ka kai shi inda ba a aike ka ba, ka zama mai lamuni, sai ka biya har anini. Ajiya ma haka. Musayar kuɗi da kuɗi sharaɗinta hannu da hannu a zama ɗaya. Ba da kuɗi a wani gari don a karɓa a wani, malamanmu na Malikiyya sun ƙyamace shi sai in tsoron hanya ya game, watau rangwame ne don tsare dukiyar halal, ba a buɗe shi don a isar da ita gidan caca ba. Mai tafiyar saɓo ba shi da rangwamen ƙasaru. Wanda ya ci bashi a ɓarna ba a biya masa da zakka sai ya tuba. Ɗan canjin da ya san inda kuɗin za shi ya kuma miƙa, hukuncinsa ɗaya da mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa.

AMSA GA MASU GARDAMA

Za su ce, kuɗina ne, da guminsa na samu. Mun ji. Ka fara sallamar masu jari, ka ciyar da iyalinka, ka biya kuɗin makarantar ƙannenka, sa'an nan ka nuna mana rarar. Ko ta ragu ma, mallakarka ba ta halatta abin da Allah ya haramta, kamar yadda akuyarka ba ta halatta in ta mutu mushe.

Za su ce, mun ƙayyade abin da za mu kashe, in ya ƙare mu tashi. Da mutane suna tashi in ya ƙare, da shagunan jingina ba su kwana a buɗe ba.

Za su ce, ai wane ya ci, ya sayi mota. Gaskiya ne ana ci, don da ba a ci da ba mai zuwa, mai kamun kifi ma yana asarar tana. Amma wanda ya ci shi ke buga ganga, goman da aka cinye kuwa shiru suke yi suna ɗora wa kwastan laifi. Ku jira wanen nan shekara biyu ku sake duban motar.

Za su ce, fatauci ma ai caca ce, ana ci ana faɗuwa. A fatauci kaya na tashi daga inda suka yi yawa zuwa inda ake bukatarsu, mai saye ya amfana, mai sayarwa ya amfana, ɗan dako da mai mota su ci abinci. A teburin caca ba abin da ke ƙaruwa a duniya, abin da ya shiga aljihunka daga na wani ya fito yana kuka.

Za su kuma ce, ku malaman makaranta me kuka sani game da duniya? Ba sai mutum ya faɗa rijiya zai san zurfinta ba, igiya ta isa. Lissafin da muka kawo kuwa ɗan aji shida zai iya bin sa da alli.

GA IYAYENMU DATTAWA

A gafarce mu, Allah ya ja zamaninku, akwai kason da ya hau kanku. Yaro ya komo daga Sin da agogon da ya fi jarinsa, a ba shi sahun gaba, a kira shi Alhaji tun bai je ba, ba mai tambayar ina kayan mutane. Wasu malamai kuma suna karɓar sadakar mai neman sa'a su yi masa addu'a ba su tambayi sa'ar mece ce ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Hakanan cutar ba a Makau aka kamu da ita ba. Shagunan cacar ƙwallo sun cika lungunanmu, waya na hannun kowane yaro, wanda ya saba ɗora sidi biyar a kan Chelsea yana ɗan shekara goma sha biyar shi ne zai ɗora kuɗin gwauruwa a kan karta yana ɗan talatin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta duba waɗannan shawarwari a zamanta mai zuwa. Na ɗaya, duk kuɗin da za a ba matafiyi a rubuta shi gaban shaidu biyu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta koyar game da bashi. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga mai bayarwa da mai karɓa. Na biyu, kuɗin kaya ya tafi ta banki kai tsaye zuwa ga mai kayan, ko da ladan ya fi na ɗan canji, gama araha ba ta ado. Matafiyi ya riƙe guzurinsa kaɗai, na abinci da masauki da mota, wanda yanzu a Sin ana biyansa da waya ta Alipay ko WeChat, baƙo ma yana iya haɗa katinsa. Na uku, 'yan'uwanmu da suka daɗe a Xiaobei su tsayar da dattijo guda ya zama maigida kamar na da, sabon zuwa ya sauka a hannunsa, wanda larurar biza ta fitar da shi kuma ya tafi da abokin tafiya ya komo. Na huɗu, wanda ya komo ya kawo rasit da takardar kago a gaban masu jari kafin ya shiga gidan suna ko na biki. Na biyar, wanda aka tabbatar ya ci amana a caca kada a sake ba shi sisin kowa, amma in ya zo ya faɗi gaskiya a zauna da shi a asirce a tsara masa biya kaɗan kaɗan, kada a tozarta shi har ya gudu ya bar uwarsa da kunya. Ƙofar tuba Allah bai rufe ta ba, mu ma ba mu da ikon rufewa.

Ga samari kuwa, ƙannenmu da sa'o'inmu, mai son hutu bayan wahalar sari ba wanda ya hana shi. Ga dutsen Baiyun a gefen gari, ga kogin da ya ratsa birnin, ga bajekolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, inda ido zai ƙoshi kuma a koyi ciniki. Amma wanda ya sake tambayarku hanya mai araha ta kai kuɗi teburin Makau, ku gaya masa mun bi huɗun duka mun auna, kowace akwai mai yanka a bakinta, a ƙarshenta kuma tebur na jira ya karɓe abin da ya tsira. Ku gaya masa ya mayar wa Hajiya kuɗinta ko ya sayo mata atamfarta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana amanarmu, ya sa albarka a fataucinmu, ya shiryi yaranmu na gida da na Tianxiu, ya jiƙan magabatan da suka kafa mana zango. Amin. Haza wasalam.